Yadda "of" da "in" suka shiga shari'ar kujerar shugaban ƙasa har sau biyu

Ranar 26 ga Oktoba, 2023, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka zauna a Abuja domin yanke hukuncin ƙarshe kan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu. Cikin batutuwan da Atiku Abubakar da Peter Obi suka kafa ƙararsu a kai akwai guda wanda bai buƙaci shaidar wakilin akwati ko na'urar tantance masu zaɓe ba. Jimla ɗaya ce ta Turanci a Sashe na 134(2) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, kuma abin da aka nemi kotu ta fayyace shi ne inda aka rataya kalmomi shida na ƙarshenta.

Sashen ya ce bayan ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, wajibi ne kuma ya samu "not less than one-quarter of the votes cast at the election in each of at least two-thirds of all the States in the Federation and the Federal Capital Territory, Abuja."

Bola Tinubu ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a jihohi fiye da 25, amma a Abuja bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Obi ne kaɗai ya haye wannan shinge a babban birnin. Masu ƙara suka ce kalmomin "and the Federal Capital Territory, Abuja" suna komawa ne ga "in", wato ana son rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi, sannan kuma a Abuja daban. Lauyoyin Tinubu da na INEC suka ce suna komawa ne ga "of" ta ƙarshe, wato a haɗa jihohi 36 da Abuja su zama 37, a ɗauki biyu bisa uku daga cikinsu. Kotun sauraren ƙarar zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani ta ɗauki karatu na biyu ranar 6 ga Satumba, ta jingina da Sashe na 299 wanda ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi, ta kuma ce ƙuri'ar mazaunin Abuja ba ta fi ta sauran 'yan ƙasa daraja ba. Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Inyang Okoro ya karanta, ta tabbatar da haka.

Ta fuskar nahawu zalla, jimlar tana ɗaukar karatun biyu, shi ya sa kotu ta nemo hujja daga wasu sassan Kundin. Da masu rubutun sun ƙara kalma ɗaya mai baƙaƙe biyu suka ce "and in the Federal Capital Territory", da wuya a kauce wa karatun masu ƙara. Da kuma sun ce "including", da babu gardamar da za ta taso tun farko.

Mene ne waɗannan kalmomi

Turawa na kiran irin su "of", "in", "at", "from", "to", "for", "by" da "with" da suna "preposition". Aikinsu shi ne su zo gaban suna su jingina shi ga wani abu a cikin jimla, su nuna wuri, ko lokaci, ko dalili, ko mallaka, ko wanda ya yi aiki. Kalmar tare da sunan da ya biyo ta su ne ke zama yankin jimla guda, irin "at the election" ko "in the Federation". Hausa ma tana da nata: a, daga, ga, da, ta, don, bisa, cikin, kan, tun, har. Abin da Bature zai faɗa da "of" kuwa, Bahaushe yakan gama shi da ɗan harafi ɗaya a ƙarshen kalma, kamar a "gidan sarki" da "motar gwamna".

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci ya san takwarorinsu da sunan haruffan jarri, ya kuma san cewa ba a raina su. Saɓanin malaman fiƙihu kan shafar kai a alwala ya ta'allaƙa ne a kan harafin "bi" da ke cikin ayar: Malikawa suka ce a shafi kai duka, Shafi'awa suka fahimci harafin da ma'anar wani sashe na kai. Irin wannan tambaya ce lauyoyi ke yi wa "of" da "from" a gaban alƙali.

Dalilin da ya sa Turanci ya dogara da su haka yana cikin tarihinsa. Tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce yana sauya ƙarshen suna domin nuna aikinsa a jimla, kamar yadda Larabci ke yi da wasulan ƙarshe. A ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar Normawa ta 1066 waɗannan alamomi suka zube kusan gaba ɗaya, nauyin ya koma kan jerin kalmomi da kan waɗannan ƙananan kalmomin jingina. A shekarun 1960 masana a Jami'ar Brown ta Amurka sun tattara kalmomi miliyan ɗaya daga rubuce-rubucen da aka buga a 1961 suka ƙirga su. "The" ce ta zo ta farko, "of" ta biyo ta da bayyana kusan sau 36,000, "to" da "in" ma suna cikin goman farko.

Sun fi yawa a rubutu fiye da baki, kuma sun fi cunkoso a rubutun hukuma, saboda wata al'ada ta mayar da aikatau suna. Mai magana zai ce "The governor sacked the commissioner because he diverted the fertiliser", wato gwamna ya kori kwamishina don ya karkatar da taki. Mai rubuta sanarwar gwamnati zai ce "the dismissal of the commissioner by the governor over the diversion of fertiliser". Kora ta zama suna, karkatarwa ta zama suna, sai aka ɗaure su da "of", "by", "over" da wata "of". A hanya kuma an yar da wani abu: jimlar farko ta faɗi wanda ya karkatar da takin, ta biyu ta bar shi a duhu.

Matsalar da ke biyo baya ita ce ta rataya. Duk yankin da aka ƙara, sai an tambayi jikin me ya maƙale. "Police arrested the man with a gun" na iya nufin mutumin ne ke riƙe da bindiga, tana iya nufin 'yan sanda ne suka yi amfani da ita wajen kama shi. Bahaushe yana da mafita mai sauƙi, domin idan ya ce "mai bindiga" ya kashe shakka. Turanci ya fi barin abin ga hankalin mai karatu. Idan yanki ɗaya ne, hankali kan warware shi. A Sashe na 134 guda shida ne a jere: of, at, in, of, of, in, kowane yana rataye da wani kamar zoben sarƙa.

Sha biyu da biyu bisa uku

Wannan jimla ta riga Kundin 1999 haihuwa. Tana cikin dokar zaɓe ta soja da aka yi zaɓen 11 ga Agusta, 1979 da ita, sai dai a lokacin ta tsaya ne a "in the Federation", babu wutsiyar Abuja. Jihohi 19 ne a ƙasar. Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'u, da 5,688,857, Obafemi Awolowo na UPN na biye da 4,916,651. Shagari ya samu rubu'i a jihohi 12 cif. A ta 13, wato Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, ya samu 243,423 daga cikin 1,220,763, abin da ya kama kashi 19.94 cikin 100.

Biyu bisa uku na 19 ba ya fita daidai, 12 ne da biyu bisa uku. Ɓangaren Awolowo ya ce jiha ba ta gutsuruwa, kuma "each of" na nufin kowace ɗaya daga cikin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, saboda haka sai an cika 13. Richard Akinjide, lauyan NPN, ya kawo wani lissafi: a ɗauki jihohi 12 cikakku, a ɗauki biyu bisa uku na jiha ta 13, a auna wannan gutsure da ƙuri'u. Biyu bisa uku na ƙuri'un Kano ya kama 813,842, rubu'insu kuwa 203,460 da rabi. Shagari yana da 243,423, ke nan ya wuce. Hukumar zaɓe ta FEDECO ƙarƙashin Michael Ani ta ayyana shi a matsayin wanda ya ci, kuma ranar 26 ga Satumba, kwana biyar kafin soja su miƙa mulki, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatai-Williams ta amince. Mai Shari'a Kayode Eso ne ya saɓa.

Abin lura a lissafin Akinjide shi ne yadda ya ciro "two-thirds of" daga jikin "all the States", inda jimlar ta rataya shi, ya kai shi jikin "the votes cast" a jiha guda. Masu sukar hukuncin sun daɗe suna nuna wani giɓi: an rage ƙuri'un Kano zuwa biyu bisa uku, amma an bar na Shagari cikakku. Da an rage nasa da ma'auni ɗaya, da sun dawo 162,282, ƙasa da abin da ake nema. Masu kare hukuncin kuwa na cewa doka ta ce "at least two-thirds", kuma 13 ya zarce biyu bisa uku, don haka ɗora wa ɗan takara 13 ƙari ne a kan abin da aka rubuta. Da kotu ta bi Awolowo, da an tafi zagaye na biyu a gaban 'yan majalisu, inda ƙawance tsakanin jam'iyyu zai iya juya sakamakon.

Inuwar wannan lissafi ta sake faɗowa a 2023. Biyu bisa uku na 36 shi ne 24 daidai, amma na 37 ya koma 24 da biyu bisa uku. Karatun da kotu ta zaɓa ya dawo da gutsuren 1979, illa dai a wannan karon wanda ya ci ya yi wa adadin nisa, ba a buƙaci a sake raba jiha ba.

Daga wace rana

Bayan rataya, inda aka fi zubar da gumi shi ne kalmomin lokaci. Sashe na 180(2) ya ce wa'adin gwamna shekara huɗu ne "commencing from the date" da ya yi rantsuwar kama aiki. "From" tana kafa turken da ake fara awo daga gare shi, kuma duk wanda ya matsar da turken ya matsar da ranar sauka.

Peter Obi ya tsaya takarar gwamnan Anambra a 2003, aka ba Chris Ngige, ya yi ta shari'a har aka rantsar da shi ranar 17 ga Maris, 2006. INEC ta gudanar da zaɓen gwamna a jihar a 2007 tare da sauran jihohi, aka rantsar da Andy Uba ranar 29 ga Mayu. Ranar 14 ga Yuni Kotun Ƙoli ta ce shekarun Obi huɗu sun fara ne daga ranar rantsuwarsa, Uba ya sauka bayan kwana 17 a ofis. Wannan ne asalin da ya sa Anambra ke zaɓen gwamna a lokaci daban har yau.

Gwamnoni biyar suka ga ƙofa a wannan hukunci. Murtala Nyako na Adamawa, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Ibrahim Idris na Kogi, Timipre Sylva na Bayelsa da Liyel Imoke na Kuros Riba duk an soke zaɓensu na 2007, sun sake ci a 2008, sun sake rantsuwa. Suka ce turken "from" ya koma rantsuwa ta biyu, kuma kotunan ƙasa suka ba su gaskiya, har aka tsallake jihohinsu a zaɓen gwamnoni na 2011. Ranar 27 ga Janairu, 2012, a ƙarar da Buba Marwa ya ɗaukaka, Kotun Ƙoli ta ce rantsuwar 29 ga Mayu, 2007 ita ce abin lissafi, ta sauke su duka biyar a rana ɗaya.

"Within" kuma katanga ce. Sashe na 285 ya ba mai ƙorafin zaɓe damar shigar da ƙara "within 21 days after" bayyana sakamako, ya ba kotun zaɓe "within 180 days from" ranar shigar da ƙarar ta yanke hukunci. A shari'ar gwamnan Borno ta 2012, tsakanin jam'iyyar ANPP ta Kashim Shettima da Mohammed Goni na PDP, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da umarnin a sake sauraren ƙarar, Kotun Ƙoli ta ce kwana 180 sun riga sun cika, babu mai ikon ƙara ko yini. Mai Shari'a Walter Onnoghen ya kwatanta wa'adin da dutsen Jibralta wanda ba ya gusawa. A sashe ɗaya an yi amfani da "after" a wani layi da "from" a wani, kuma lauyoyi sun sha jayayya kan ko ranar farko na shiga lissafi. Ƙara na iya mutuwa saboda kwana ɗaya ba tare da alƙali ya duba ko an yi maguɗi ba.

Wa ke sama da wa

Akwai wani rukuni da kalmomi biyu ko uku ke haɗuwa su yi aikin kalmar jingina ɗaya: "subject to", "in accordance with", "without prejudice to", "on behalf of", "in respect of". Rubutun doka cike yake da su, kuma su ne ke tsara wanda ke gaba da wani. "Subject to" na sunkuyar da abin da ake magana a kai ƙarƙashin wani abu. "Notwithstanding" na ɗaga shi sama da komai. Sashe na 5 ya danƙa ikon zartarwa a hannun shugaban ƙasa, amma ya buɗe da "Subject to the provisions of this Constitution", wato ikon yana da linzami. Sashe na 308, mai ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu rigar kariya, ya buɗe da "Notwithstanding anything to the contrary in this Constitution". Kalmar farko ta isa ta sanar da mai karatu cewa duk wani tanadi da ya ci karo da wannan, shi ne zai kauce.

Haka abin yake wajen naɗe-naɗe. Ana naɗa Alƙalin Alƙalan Ƙasa "on the recommendation of" Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a, kuma "subject to confirmation" na Majalisar Dattawa. Sufeto Janar na 'yan sanda ana naɗa shi "on the advice of" Majalisar 'Yan Sanda, "from among" jami'an da ke bakin aiki. Wajen shugaban INEC kuwa, abin da aka ce game da Majalisar Magabata shi ne shugaban ƙasa ya tuntuɓe ta. A Hausa duk akan dunƙule su a ce "bisa shawarar", alhali nauyinsu ya bambanta: a na farko sunan yana fitowa ne daga wata hukuma, a na ƙarshe jin ta baki kawai ake yi. Dokar EFCC ta 2004 ta ce naɗin shugaban hukumar "subject to the confirmation of the Senate" ne. Majalisar Dattawa ta ƙi Ibrahim Magu a Disamba 2016 da Maris 2017, ya ci gaba da riƙon ƙwarya har Yuli 2020, fadar shugaban ƙasa tana kafa hujja da Sashe na 171 na Kundin. Kalmomin a fili suke, abin da doka ba ta faɗa ba shi ne tsawon lokacin da mai riƙo zai iya zama.

Misalin da ya fi taɓa aljihun talaka yana Sashe na 162(5). Ya ce kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya za a ware shi "to the States for the benefit of their local government councils". "To" ta nuna hannun da zai karɓa, "for" ta nuna mai haƙƙi. Tsakanin kalmomin biyu ne aka gina asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda gwamnoni suka shafe fiye da shekara ashirin suna juyawa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce jihohi sun saɓa manufar tanadin, ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Masu yabo suka ce an mayar wa mai kaya kayansa. Wasu lauyoyi suka ce kotu ta tsallake "to" da ke rubuce ƙarara don ta ceto "for".

Yawan irin su "in respect of which" da "to whom" a takardun hukuma yana da nasa asali. A 1672 marubucin Ingila John Dryden ya soki ƙare jimla da kalmar jingina, malaman makaranta suka mayar da sukar doka, duk da cewa Turawa ba su taɓa daina yin haka a magana ba.

A teburin duniya

Jami'an diflomasiyya kan bar shakka da gangan idan ita ce kaɗai hanyar samun sa hannu. Bayan yaƙin kwana shida na Yunin 1967, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 242 ranar 22 ga Nuwamba, bisa daftarin da wakilin Birtaniya Lord Caradon ya gabatar. Nassin Turanci ya nemi janyewar sojojin Isra'ila "from territories occupied in the recent conflict". Babu "the" tsakanin "from" da "territories", babu kuma "all". Nassin Faransanci ya ce "des territoires occupés", inda "des" ke iya ɗaukar ma'anar "daga yankunan nan". Isra'ila ta riƙe na Turanci ta ce ba a ce duka ba. Ƙasashen Larabawa suka riƙe na Faransanci, tare da gabatarwar ƙudurin da ta haramta mallakar ƙasa ta hanyar yaƙi. Masar ta karɓi Sina'i bayan yarjejeniyar 1979, amma Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Tuddan Golan suna nan inda suke.

Mai fassara zuwa Hausa ba shi da wurin ɓuya a nan. Idan ya ce "daga yankunan da aka mamaye" ya bi Faransanci. Idan ya ce "daga wasu yankuna" ya wuce inda Turancin ya tsaya, ya ba ɗaya ɓangaren fiye da abin da aka rubuta. Duk wadda ya zaɓa, mai sauraron rediyo zai ɗauka haka ƙudurin ya ce.

A taron sauyin yanayi na Dubai, a Disamba 2023, ƙasashe sun amince da "transitioning away from fossil fuels in energy systems". An yi ta murnar kalmomin farko, domin karo na farko ke nan da irin wannan matsaya ta ambaci kauce wa man fetur da gas da kwal gaba ɗaya. Masu sa ido suka nuna kalmomi uku na ƙarshe, waɗanda suka taƙaita alƙawarin ga samar da makamashi, suka bar man da ake sarrafawa zuwa roba da takin zamani a waje. Ga ƙasa irin Najeriya mai dogaro da mai da gas, wannan wutsiya ba ƙaramin abu ba ce.

A kanun labarai

Wasu kalmomin jingina ba a zaɓensu, a ɗaure suke da aikatau ɗinsu, sai dai a haddace. Ana cewa "accused of", "charged with", "convicted of", "sentenced to", "remanded in". Kowace tana nuna matakin da shari'a ta kai, kuma wanda ya san su zai gane daga kanun labari ko zargi ne ko hukunci. Turancin Najeriya yana da nasa halin a nan, yakan ƙara kalma inda Turancin Ingila bai sa ba, kamar "discuss about", "comprise of" da "emphasise on", ko ya musanya ta, kamar "result to" a madadin "result in". Mai makin jarrabawar WAEC zai ja wa waɗannan jan biro, amma ba kasafai suke sauya ma'ana ba.

Waɗanda ke sauya ma'ana su ne waɗanda edita ya zaɓa yana sane. "Arrested for murder" ta riga alƙali yanke hukunci, shi ya sa ƙa'idar rubutu ta kamfanin dillancin labarai na Associated Press ta hana irinta, jaridun Birtaniya kuma kan ce "on suspicion of", daidai da "bisa zargin" a Hausa. "Over" da "in connection with" suna danganta mutum da lamari ba tare da faɗin abin da ya yi ba. "After" tana jera abubuwa biyu ta bar mai karatu ya ƙulla dalilin da kansa, kamar a "dies after police raid". "Amid" ta fi kowace rauni, domin abin da take cewa kawai shi ne abubuwan sun faru a lokaci guda. A zamanin korona an yi doguwar muhawara a Birtaniya kan "died of" da "died with", bayan hukumomi sun koma ƙirga duk wanda ya rasu cikin kwana 28 da gwajin da ya nuna yana da cutar.

Sai "by", wadda ke ɗauke da sunan wanda ya aikata, kuma ita ce nahawun Turanci ya yarda a cire ba tare da jimla ta karye ba. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne gawa 85. Rundunar sojin sama ta ce ba ta da hannu, daga baya rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa jirginta ne. Ana iya rubuta labarin da "85 killed in Kaduna village", ko "85 killed in air strike", ko "85 killed by army drone", kuma babu ƙarya a ko ɗaya. Ta farko ta faɗi wuri, ta biyu ta faɗi yadda abin ya faru, ta uku ce kaɗai ta ambaci wanda za a tambaya. Hausa ma tana da wannan ƙofa a "an kashe", sai dai idan Bahaushe ya tashi ambaton mai aikin, dole ya sake ginin jimlar ya sa shi a gaba: "jirgin sojin ƙasa ya kashe mutum 85 a Tudun Biri."